Minti Goma Sha Huɗu

Wata tara muna renonta a ɗaki ɗaya,
ni da Wara da Efraín, a hawa na uku,
inda taga ke kallon dutsen Illimani,
shi kuwa bai san muna yi ba.
Mun zana La Paz a tafin hannu,
kowace ƙaramar bas ɗigo ce shuɗiya
mai bin layi kamar tururuwa mai ladabi.
Efraín ya ce ta nuna.
Wara ta ce a kai wa masu ci su ɗanɗana tukuna.

Laraba, ƙarfe shida, a Ceja,
sanyi na cizon kunne.
Doña Benigna Apaza ta sauke ƙunshin cuku daga bayanta,
ta goge hannu a siket mai ninki biyar,
ta karɓi wayar kamar an ba ta ajiyar ƙwai.
Na ce, nemo mana hanyar kasuwar Rodríguez,
kar ki ji komai, manhajar muke gwadawa, ba ke ba.
Ta ce, haka likita ma yake cewa.

Ta danna. Allo bai ji ba.
Yatsan da ya shekara talatin cikin ruwan gishiri,
gilashi bai ɗauke shi yatsa ba.
Ta hura masa iska, ta sake.
Na rubuta a littafina: maɓalli ya yi ƙanƙanta.
Ƙarya na rubuta,
don ban san sunan abin da na gani ba.

Manhaja ta tambaya: daga wace tasha?
Ta dube ni sheƙeƙe. Tasha?
Inda na ɗaga hannu, nan ce tasha.
Titin da muka liƙa wa sunan wani janar
ita ta san shi da ƙofar mai gyaran takalmi.
Mai takalmin ya shekara takwas a ƙasa,
har yau direbobi na taka masa birki.

Allo ya ce: minti goma sha huɗu.
Ta yi dariya har haƙorin zinarenta ya ga rana.
Yau malaman makaranta za su tare hanya,
ƙanwar mijina na cikinsu, tun jiya ta dafa guzurin dankali.
Ba motar da za ta gangara ta nan kafin tsakar rana.
Na duba ɗigona.
Yana tafiya abinsa,
ya ratsa tsakiyar malamai ɗari uku
bai taka kowa ba.

Muka bi ta a ƙafa,
lungu biyu, matakala sittin da wani abu,
numfashina na neman gudu ya bar ni,
har bayan wani shagon walda
inda Don Cirilo ke juya kwalin gaban gilashinsa,
motar can ta zama motar nan.
Wannan layin babu shi a taswirarmu.
Ya cika maƙil.

Na zauna gwiwa a haɓa, cuku a cinya,
kuɗin mota na tafiya hannu zuwa hannu,
canji na dawowa bai ɓata ba.
A aljihuna wayar na ta kuka:
ka bar hanya, ka bar hanya.

Da za ta sauka ta ce, ku koya mata Aymara,
kuma ta riƙa magana da ƙarfi,
hannuwana biyu ne, duka suna da aiki.

Da yamma Efraín ya ce, nawa ta ci cikin biyar?
Na ce, wa?
Wara ba ta tanka ba.
Ta goge kalmar tasha daga shafi goma sha ɗaya,
ta buɗe wani fili fari,
ta daɗe tana tunanin me za a rubuta a kansa.

Cukun da na saya yana kan tebur, kusa da caja.
Ta tsawwala mini kuɗi, na sani.
Laraba mai zuwa za mu koma.